Kamun Jatau da Kamun Cindo

Da sunan Wanda ya rataye taurari ba igiya, ya tsayar da duniyoyi ba ginshiƙi, ya ba kowace ƙasa halinta, ya ba kowane bawa rabonsa na wahala. Ku matso, masu sauraro, amma ku bar mini wurin miƙe ƙafa, gwiwata ta hagu ba ta son lanƙwasa. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don ni ba na maimaita magana.

Ni ce Tasallah 'yar Nomau, mai walda. Sana'ata haɗa sansani da sansani. Inda duk mutane suka sauka a wata duniya suka gina gidajensu a warwatse, ni ake kira in shimfiɗa musu bututun da iska da ruwa da mutum za su bi. Na yi aiki a duniyoyi goma sha ɗaya. Na ga wadda ruwan samanta ke ƙona fata, na ga wadda duwatsunta ke tafiya kamar garken shanu, duk na gama aikina na kaɗe rigata na wuce. Ina da ɗan kumbona mai cin mutum biyu, mai faɗin gindi da tsinin baki, na sa masa suna Ƙi-Zama. Shekara ashirin da shida ban taɓa cika wata huɗu a wuri ɗaya ba, kuma a lokacin har alfahari nake yi da hakan.

'Yata ɗaya ce tak, Lantana. A hannun mahaifiyata ta tashi, ita take ce wa Inna, ni kuwa Yaya take ce mini, kamar wata 'yar uwa da ke leƙowa da tsaraba ta koma. Da aka yi aurenta ina can wata duniya ina fama da wani bututu. Rasuwar mahaifiyata ma sai bayan arba'in na ji. To ranar da saƙo ya same ni cewa Lantana ta haihu a duniyar Tsandauri, kuma ba ta da mai yi mata wankan jego, kunya ta kama ni har na kasa cin abinci. Na sayi babbar tukunyar ƙarfe na ɗaure a bayan kujera, na juya bakin Ƙi-Zama.

Wanda ya sa wa Tsandauri suna bai yi mata ƙage ba. Jar ƙasa ce fako, ba ciyawa ba tsuntsu. Ranarta a tsaye take wuri ɗaya, ba ta fitowa ba ta faɗuwa, sai da agogo ake sanin lokacin salla. Iskarta ba ta shaƙuwa. Wanda ya fita waje ba sulke da kwalkwali da tulun iska a bayansa, kafin ya ƙirga goma an gama da shi. Sansani biyu ne kawai a cikinta. Akwai Gidan Ganye, inda aka shuka itatuwa a ƙarƙashin rufin gilashi suna ba mutane iska. Akwai Gidan Ruwa, tafiyar sa'a bakwai a ƙafa, wanda ke zaune a kan ƙanƙara. Lantana tana Gidan Ruwa, tana auren ɗan maigidan wurin. Sai dai ƙasar can ɓawo ce kawai a kan ƙanƙarar, kumbo ya sauka sai ya nutse, don haka dole na sauka a Gidan Ganye.

Kowane sansani yana da zaure mai ƙofa biyu, sai an rufe ta waje ake buɗe ta ciki, don kada iska ta tsere. A cikin wannan zaure suka shanya ni sa'a guda cur kafin maigidan ya ga damar fitowa. Sunansa Jatau, tsoho ne dogo siriri, hannuwansa har gwiwa. Ko amsa sallamata bai yi da kyau ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, wurin wa kika zo?"

Na ce, "Wurin 'yata, Maigida, a Gidan Ruwa. Haihuwa ta yi."

Ya ce, "To kin yi ɓatan kai. Mu nan ba mu san wani gida mai wannan suna ba. Akwai dai wasu ɓarayin rabin jirgi da ke zaune a kan ƙanƙara."

Wata tsohuwa da ta kawo mini ruwa rabin moɗa ita ta warware mini zancen. Jatau da Cindo, maigidan Gidan Ruwa, aminai ne a da. Jirgi ɗaya ya kawo su da jama'arsu, wajen sauka ya karye biyu, kowa ya ja rabinsa. Sai gardama ta tashi a kan wanda ƙafarsa ta fara taka ƙasa, don shi ne mai Tsandauri, ɗayan baƙonsa ne. Shekara talatin ana abu ɗaya. Har ta zama doka a wurinsu: wanda ya taka zuwa ƙofar ɗan'uwansa ya amsa cewa shi ne baƙo. Lantana ma da aka kawo ta amarya, a tsakiyar fili aka ajiye ta da akwatinta, mutanen can suka zo suka ɗauka.

Na duba itatuwan nan na ga duk ganyensu ya yi rawaya, ƙishirwa tana cin su. Duk da haka na hango darbejiya guda mai sauran rai, na roƙi Jatau 'yan rassa don wankan mai jego. Ya watsa mini harara ya ce ko ganye ɗaya ba zai tafi gidan Cindo ba. Amalanke ma ya hana ni. Na ce a raina Allah ya isa, na goya tukunyata a kan tulun iska, na fita a ƙafa. Ina waigawa na ga sun jeru a bayan gilashi suna kallona, ba wanda ya ɗaga hannu.

Ban yi sa'a biyu ba na gane abin da suke jiran gani. Ƙasa ta fara motsi a gabana, sai wasu jajayen halittu suka ɓullo, kowanne kamar ɗan tsako, bakinsu kamar awartaki, dubbai. Garar ƙarfe ake ce musu, don ba abin da suke ci sai ƙarfe, kuma ƙarar tukunyata da ke bugun tulu ita ta kira su. Ga shi sulkena kansa ƙarfe ne daga wuya har sawu. Na kwance tukunyar na wurga musu. Kafin in karanta fatiha ba sauran ko marfi. Na runtuma a guje suna bina, har ɗaya ya kama dunduniyar takalmina, sai ƙafata ta hau wani farin zirin ƙasa. Nan suka tsaya cak a gefensa suna zarya, ba wanda ya taka. Na durƙusa ina haki na duba ƙasar da kyau. Kanwa ce, irin wadda na yi niyyar nema don kunun mai jego. Zirin nan ya miƙe yana lanƙwasa kamar hanyar shanu, na bi shi bai yanke ba har ƙofar Gidan Ruwa. Duk mutanen Jatau sun san gara ba ta taka kanwa. Gaya mini ne ba su ga dama ba.

Ina shiga Gidan Ruwa na ji iskar ta yi mini nauyi, kamar ɗakin da aka kulle da mutane a ciki. Jama'a suna tafiya a hankali suna hamma, kowa ya dafe kai. Can cikin gidan injin iskarsu yana tari, an ɗaɗɗaure shi da tsumma da waya. Maigida Cindo ya fito, gajere ƙaƙƙarfa, hannunsa da ƙyar yake kai aljihunsa. Surukina ne, amma ko sannu da hanya ban samu ba.

Ya ce, "Uwar Lantana, ta ƙofar Jatau kika biyo ko? To kakkaɓe takalminki a waje."

Na haɗiye abin da ya taso mini na wuce ɗakin 'yata. Tana zaune a bakin gado ta rame, jinjirar tana kan cinyarta, kwana tara da haihuwa. Ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Yaushe za ki koma?"

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na miƙa hannu na karɓi jikata. Ƙirjinta yana sama yana ƙasa da sauri-sauri kamar na tsuntsun da aka kama. Mijin Lantana, wanda shi ke kula da injin, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe ni, na tambaye shi gaskiyar magana. Ya ce injin ba zai kai arba'in ɗin jinjira ba, kuma in iska ta ƙara lalacewa ƙananan huhu ne ke fara gazawa. Na ce to a ɗauke ta a kai ta Gidan Ganye mana. Ya sunkuyar da kai ya ce ba a ɗinka sulken jinjiri ba. Ba yadda za a yi yarinyar nan ta bar gidan, sai dai iska ta zo ta same ta.

Na fita na tare Cindo a gaban jama'arsa na wanke shi tas. Na ce ga masu iska can suna mutuwa da ƙishirwa, ga ku nan kuna zaune a kan ruwa kuna shaƙewa, bututu ɗaya ya raba wannan hauka. Ya ce ya gwammace a binne shi da ya kai bututu ƙofar Jatau. Na ce, "Kai za a binne, Maigida, ko jikarka?" Duk da haka bai sauko ba.

Sau huɗu ina bin zirin kanwa tsakanin gidajen nan kafin in samo dabara. A daidai rabin hanya akwai wani falalen dutse mai ƙarfi, Dutsen Tsaka. Na ce kowane gida ya yanka rabin jirginsa, ya lanƙwasa ƙarfen zobe-zobe, ya jero bututunsa a kan kanwa daga ƙofarsa zuwa dutsen. A can za a haɗu. Ba wanda ya je ƙofar wani, ba baƙo ba mai gida. Jatau ya dubi itatuwansa ya yarda. Cindo ya dubi ƙofar ɗakin Lantana ya yarda.

Saura awo. Ƙa'idar sana'armu ita ce ba a kai awo da baki, da igiya ake kai shi. Na yanki igiya daidai faɗin da nake so, na nuna wa Cindo, na ɗauke ta zuwa Gidan Ganye. Jatau ya noƙe hannuwansa a baya.

Ya ce, "Igiyar da ta shiga gidan Cindo ba za ta taɓa ƙarfena ba."

Na koma wa Cindo da labari, shi kuma ya ce ai tunda ta shiga zauren Jatau ta ƙazantu, a fitar masa da ita. Ku ji fa. Da na yanki igiya biyu tsawo ɗaya na ba kowa tasa, da an wuce wurin. Amma na gaji, raina ya ɓaci, kwanakin jinjira suna tafiya. Na cusa igiyar a aljihu na daka wa kowannensu tsawa: "Kamu huɗu! Faɗin bututu kamu huɗu, ba ƙari ba ragi." Duk duniyoyin da na yi aiki kamu ɗaya ne, sandar awo iri ɗaya ce a hannun kowane magini. Ban tsaya tambaya ba.

Aka kama aiki ba ji ba gani. Ni kuwa ban zauna a wajen yankan ƙarfe ba, don dab da Dutsen Tsaka akwai wani rami da ya tsaga zirin kanwa, Kwazazzabon Huci, kuma dole bututu ya haye shi. Ramin nan numfashi yake yi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya feso tururi mai zafi har sama, wanda in ya sami mutum sai ya dafa shi cikin sulkensa. Aka ba ni mutum uku daga nan, uku daga can, mu gina gadar dutse. Ba mai yi wa wani magana. Mutum yana tsaye kusa da ɗan'uwansa sai ya juyo gare ni ya ce, "Ki gaya wa wancan ya miƙo guduma." Da ina da wata hanyar da na tura su duka cikin ramin.

Ranar farko hucin ya kusa cinye mana mutum biyu, don ba ya zuwa a kan lokaci ɗaya. Na zauna a bakin ramin ina lura, har na gane cewa kafin ya feso ƙananan tsakuwoyi sukan fara rawa. Na zuba tsakuwa a faranti na ajiye a gaban mai tsaro, na ce da zarar sun motsa a yi ihu kowa ya gudu. Haka muka yi ta gini a tsakanin numfashi da numfashi. Ranar da za a ɗora dutsen ƙarshe mai tsaron ɗan Gidan Ganye ne, wanda ke kan gada ɗan Gidan Ruwa. Tsakuwa ta yi rawa, mutumin nan ya tsaya neman wanda zai aika ya gaya masa. Ni na yi tsalle na bangaje na kan gadar, muka gangara tare, tururin ya wuce ta kanmu. Gwiwata ta daki dutse, shi ne har yau take gaya mini in na zauna.

Kwana ashirin da biyu ina bakin ramin nan. Ban taɓa ganin bututun biyu kusa da juna ba sai ranar da suka iso Dutsen Tsaka. Jama'a suka fito daga gidajen biyu cikin sulke, kowane ɓangare ya tsaya a bayan maigidansa. Ƙarfe ya ƙare kaf a ko'ina, ɗan abin da ya rage an bar shi a gefen kanwa gara ta lashe. Aka turo zoben ƙarshe na Cindo zuwa bakin na Jatau. Maimakon baki ya haɗu da baki, sai na Cindo ya shige cikin na Jatau salin-alin, ya bar rata a sama wadda kan mutum da kwalkwalinsa zai shige.

Kowa ya leƙa ratar. Sannan rediyon kwalkwalina ya cika da ihu.

Cindo ya ce, "Munafuki! Da gangan ya faɗaɗa nasa don nawa ya shiga cikinsa, a ce ni na zo gidansa!"

Jatau ya ce, "Ɓarawo dai ɓarawo ne. Rage naka ka yi don ka ɓoye ƙarfe. Kamu huɗu aka ce, kamu huɗu na yi!"

"Ni ma kamu huɗu na yi!"

Kowa ya sa aka ɗaga sandar awonsa sama don shaida. Ina ganin sandunan nan biyu na gane inda matsalar take. Ta Jatau ta fi ta Cindo da yatsa huɗu. Ashe tun shekarar da suka ɓata suka jefar da sandar da suka zo da ita, don kowa ya ce ba zai yi awo da abin da ɗayan ya taɓa ba. Kowanne ya kwantar da hannunsa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, aka yanka sanda a kai, ita ce kamun gidansa. Na dubi hannun Jatau da ke lilo har gwiwa, na dubi ɗan guntun hannun Cindo. Kwana ashirin da shida abin yana gaban idona.

Kafin in buɗe baki an fara ɗaga guduma. Wani ya kunna wutar walda ya nufi mutanen can da ita, wani ya riƙe tiyon iskar wani zai fizge. Jatau yana cewa su ƙara nasu, Cindo yana cewa su rage nasu, alhali ba ƙarfen da za a ƙara ko ƙusa, in kuma aka ciro zobe daga baya bututu ya gaza tsawo. Ana cikin haka sai muryar Lantana ta shigo rediyo daga gida, a hankali, kamar mai magana cikin barci.

Ta ce, "Yaya, injin ya tsaya sau biyu yau. Yarinyar ta daina kama nono."

Ban san lokacin da na hau kan bututun ba. Na buga shi da guduma har sai da kowa ya waigo. Na ce ba Jatau ba ne, ba Cindo ba ne, ni ce. Ni na san ƙa'ida na karya ta, na kai awo da baki don fushi ya hana ni yanka igiya ta biyu. To ranar ce aka fara ganin mutanen nan sun haɗu a kan abu ɗaya. Zagi ta dama, zagi ta hagu. Cindo ya ce ba mamaki, macen da ta kasa riƙe 'yarta ina za ta riƙe awo. Jatau ya ce in shiga kumbona in bar musu duniyarsu kafin a jefa ni Kwazazzabon Huci.

Kumbona. Na tsaya a kan bututun ina kallon ratar, baki mai faɗi a nan, baki mai tsukewa a can. Abin da ake bukata mazurari ne, ƙarfe mai faɗi a gindi mai tsukewa a gaba, mai riƙe iska. A duk Tsandauri abu ɗaya ne mai wannan siffa, kuma nawa ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na yi jim. Jirgin kaya ba ya zuwa duniyar nan sai bayan shekaru, kuma sai dai ya kawo mutum, ba ya fita da kowa. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba a gaban gara. Sannan na zaro igiyar nan daga aljihu, na auna bakin Jatau na ƙulla, na auna bakin Cindo na ƙulla, na sauko na kama hanyar Gidan Ganye ina ɗingishi.

Na tashi Ƙi-Zama tashinsa na ƙarshe, wanda bai kai minti goma ba, na sauke shi a kan Dutsen Tsaka. Jama'a suka dare. Na fito da akwatina da sallayata na ajiye a gefe. Na bi jikinsa da igiya, inda faɗinsa ya yi daidai da ƙullin Jatau na ja layi, inda ya yi daidai da ƙullin Cindo na ja layi. Da na kunna wutar walda na ɗora a kan layin farko sai zagin ya ɗauke. Ina yanka ina kuka cikin kwalkwali, kuma ba halin share hawaye, haka na yi aikin ina gani dishi-dishi. Na yanka shi gida uku, na fasa kujerun da wayoyin na zubar, na tsakiyar ya fito fes kamar don wannan aka ƙera shi.

Na ce, "Jatau, riƙe nan. Cindo, riƙe can. Wanda ya saki, shi ya kashe jinjira, kuma a gaban jama'a."

Ko Maigida ban ce musu ba, su ma ba su nema ba. Suka kama, kowa ta gefen bututunsa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Sa'a biyar ina walda, tsofaffin nan suna riƙe, ba wanda ya yarda ya riga ɗayan saki. Da na rufe ɗinkin ƙarshe na bi shi da ruwan sabulu ban ga kumfa ba, na ce a buɗe ƙofofi. Muka ji bututun ya yi gurnani tun daga nesa, iska ta biyo shi ta wuce ta ƙarƙashin tafin hannuna.

Ta cikinsa na tafi Gidan Ruwa, kwalkwali a hannu, iska tana tura ni ta baya. Tun kafin in kai ɗakin na jiyo kuka, kuka sosai mai ƙarfi irin na yaron da yunwa ta dama. A duk yawona ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Kada ku zaci an shirya. Washegari suka sa aka kafa ƙofa a tsakiyar mazurarin, mai sakata biyu, ɗaya ta kowane gefe, da 'yan ramuka don iska da tiyon ruwa. Jatau da Cindo har suka koma ga Allah ba su gaisa ba. Amma a wannan washegarin aka tsinci damin rassan darbejiya a gefen Gidan Ruwa na ƙofar. Aka tambayi mutanen Jatau, suka ce maigida ya ce reshe ne ya karye da kansa yana tare musu hanya.

Na kai damin ɗakin Lantana. Tana tsaye a taga da jinjira a kafaɗa, ta juya mini baya. Mijinta ya riga ya gaya mata komai.

Can ta ce, "To yanzu da me za ki koma?"

Na ce, "Ba da komai ba."

Ta gyara wa yarinyar zani. Ta ce, "Kwana huɗu suka rage a yi arba'in, ko wanka ɗaya ba ki yi mini ba."

Na ce, "Tukunyar ma gara ta cinye."

Ta ce, "Akwai wata a madafa. Ruwan ya tafasa tun ɗazu, Inna, kada ki bari ya huce."

Na ɗauki ganyena na fita da sauri, don kada ta ga fuskata.

Nan hikayata ta tsaya, shekara goma sha tara ke nan ina Tsandauri. Mai shakka ya tafi Dutsen Tsaka ya ɗaga kai, zai ga rabin sunan Ƙi-Zama a jikin bango, wuta ta cinye sauran. In kuma awo zai yi, ya tafi da igiya.